Na kamo ƙwari uku bayan ruwan jiya a Jidda: wacce ce sarauniyar tururuwa?

Abdulhadi, Jidda: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman taimakon waɗanda suka riga ni shiga harkar kiwon tururuwa. Jiya da la'asar an yi ruwa a nan Jidda, ba mai ƙarfi ba, amma ya jiƙa ƙasa har ta tashi da ƙamshi. Bayan sallar isha'i na tarar da ƙwari masu fiffike sun yi dafifi a fitilar ƙofar gidanmu, na kama biyu. Yau da hantsi kuma ina dawowa daga sayen burodi sai na ga wata ita kaɗai tana sauri a gindin katanga, tana leƙa kowane rami.

Ta farko jikinta da taushi, launin ƙasa-ƙasa, fukafukanta sun ninka jikinta tsawo, ina taɓa ta suka zube. Na biyu baƙi ne siriri mai ɗan ƙaramin kai, har yanzu yana nan da fiffikensa. Ta uku baƙa ce mai sheƙi, ba ta da fiffike, na auna ta da rula ta kai milimita 14. Ga hotunan nan. Kusan shekara ke nan ina jiran irin wannan rana, ba na so in yi kuskure.

Nasiru, Makka: Wa alaikumus salam. Ta farkon ce mana. Ai an ce sarauniya tana zubar da fiffike in ta sauka ƙasa, ga ta kuma da ƙiba.

Umman Safwan, Madina: Haba Nasiru, wannan ai shinge ne. Mu da muka tashi a Zariya, farkon damina kwano muke ajiyewa da ruwa a ƙarƙashin fitila, su yi ta faɗawa, da safe a soya da ɗan gishiri. Gara ce mai fiffike. Abdulhadi ɗana, fitar da ita waje kafin ta san hanyar katakon ɗakinku.

Bashir, Riyad: Umma ta faɗi gaskiya, kuma ba kai kaɗai ba ne Nasiru, kusan duk sabon shiga da shinge yake fara ruɗuwa. Ku buɗe hoton farko ku duba tsakiyar jikinta. Daga ƙirji zuwa ciki a haɗe yake, babu ƙugu. Tururuwa kuwa kowace iri ce tana da ƙugu a tsuke kamar na zanzaro, don dangi ɗaya suke da zanzaro da rina da ƙudan zuma. Gara 'yar uwar kyankyaso ce. Sai ƙahonnin nan biyu da take shinshina hanya da su: na gara a miƙe suke kamar 'yan duwatsun carbi, na tururuwa mace kuwa suna da gwiwa, sun karye a tsakiya. Fukafukan gara huɗu tsawonsu ɗaya, na tururuwa na gaba sun fi na baya.

Na biyu tururuwa ne, amma namiji. Ɗan kai, idanu sun kusa cinye fuskar, muƙamuƙi ba ƙarfi, jiki kamar na sauro. Aikinsa ɗaya ne a duniya, ya yi barbara a ranar tashi, bayan kwana ɗaya ko biyu ya mutu. Ni ina ganin shi Hausawa suka kalla suka ce in tururuwa ta tashi lalacewa sai ta yi fiffike. Sake shi kawai. Ba lallai ma irinsu ɗaya da ta ukun ba, don bayan ruwa iri-iri ne ke tashi.

Ta ukun ita ce abin magana. Barka da arziki.

Abdulhadi, Jidda: Allah ya saka da alheri Yaya Bashir, na saki biyun. Amma ya aka yi ka tabbatar ba babbar ma'aikaciya ba ce? A bayan gidanmu akwai wasu manya masu ƙaton kai, tsawonsu bai gaza nata da yawa ba.

Bashir, Riyad: Kada ka dubi tsawo, dubi ƙirji. Babbar ma'aikaciya kanta ne ƙato, ƙirjinta kuwa siriri ne, bai kai faɗin kan ba. Sarauniya ƙirjinta a cike yake ya yi tozo, domin a nan naman da ke kaɗa fiffike yake. In ka karkata kwalbar ka haska fitilar waya ta gefe, za ka ga 'yan tabo a gefen ƙirjin, saman ƙafafu na tsakiya da na baya, inda fukafukan suka cire. Ma'aikaciya ba ta taɓa yin fiffike ba, don haka ba ta da tabon. Akwai kuma 'yan ɗigo uku a goshinta masu ƙyalli, ƙananan idanu ne, sai da gilashin ƙara girma za ka gan su sosai.

Abin da ba wanda zai iya gaya maka ta hoto shi ne ko an barbare ta. Yawanci wadda ta karya fiffikenta da kanta tana yawon neman rami ta samu namiji. Amma na taɓa riƙe wadda ta zubar da fiffike ba a barbare ta ba, na kuma ga wadda ta haifi ma'aikata da fiffikenta a jiki. Sau ɗaya take barbara a rayuwarta, a lokacin tashin nan, ta adana maniyyin a wata 'yar jaka a cikinta ta yi ta amfani da shi har ta mutu. Ƙwan da ya samu maniyyi shi ke zama mace, wanda bai samu ba ya zama namiji. In ba a barbare ta ba maza kawai za ta iya haifa, gida ba zai kafu ba.

Irinta kuma, da wannan girma da baƙin nan, ni na fi zaton Camponotus ce, wato shazumamu. In 'ya'ya suka fito ruwan sukari za ka fara ba su.

Usman, Gadarif: Salamu alaikum. Ku yi haƙuri sabis yana wahala a wajenmu, sai yanzu hotunan suka buɗe. Malam Bashir, da girmamawa, ban yarda shazumamu ce ba. Ni ban san sunayen boko sosai ba, amma noman dawa da riɗi na gada, kuma wannan fuskar na san ta. Tururuwar hatsi ce, mai share fili kewaye da raminta ta tara ƙaiƙayi a bakin ƙofa. Dubi kanta, kusan murabba'i ne, muƙamuƙin gajere mai kauri na fasa ƙwaya. Shazumamu kanta ya fi tsawo, ƙafafunta da ƙahonninta ma sun fi tsawo, kuma da dare aka fi ganinta. Wannan da hantsi ya same ta.

Bashir, Riyad: Malam Usman, lokacin da aka same ta ba hujja ba ce, wadda ta tashi da dare tana iya kaiwa safiya ba ta samu rami ba. Hoton kuma daga sama aka ɗauka, kai yakan yi faɗi in wayar ta matso da yawa. Shekara shida ina kiwon Camponotus, sheƙin nan nasu ne.

Usman, Gadarif: Sheƙi da launi su ne suka fi yaudara. A gona ɗaya za ka ga tururuwar hatsi mai jan kai da mai baƙin kai.

Sadiya, Ɗa'ifa: Yayyena, abin da zai raba gardamar nan yana jikinta. Abdulhadi, ɗauko ta daga gefe daidai, ka sa farar takarda a bayan kwalbar. Tsakanin ƙirji da ciki, a ƙugun nan, ƙidaya ƙulli nawa ne. Camponotus ƙulli ɗaya gare ta, a tsaye kamar ɓawon kifi. Tururuwar hatsi, wadda ake kira Messor, biyu gare ta a jere. Wannan ba ya canzawa da haske ko kusancin waya.

Abdulhadi, Jidda: Na sha wahala kafin ta tsaya, sai da na ɗauki kusan ashirin. Ga wanda ya fito. Biyu nake gani, na farko mai ɗan wuya, na biyu a dunƙule. A ƙarƙashin kanta kuma akwai wasu gasu dogaye masu lanƙwasa kamar gemu.

Bashir, Riyad: Biyu ne, ba shakka. Malam Usman, kai ke da gaskiya, na yi saurin yanke hukunci da launi. Gemun nan ma shaida ce, da shi suke kwasar yashi in suna haƙa rami. Messor ce. Amma mu tsaya nan. Wace ce a cikin Messor, wannan sai an ga manyan ma'aikata a ƙarƙashin madubin ɗakin bincike. Irin tururuwar da aka ba wa suna a duniya sun kai wajen 14,000, kuma na ƙasar nan ma ba a gama tantance su ba. Wani Bature ɗan Ingila, Collingwood, ya fitar da babban nazari a kan tururuwar Saudiyya a 1985, har yau kuma masana a Jami'ar Sarki Sa'ud suna gano waɗanda ba a taɓa rubutawa ba, musamman a duwatsun kudu maso yamma. Duk wanda ya ba ka cikakken suna daga hoton waya, ka karɓa da taka-tsantsan.

Abdulhadi, manta da maganar sukari da na yi. Abincin waɗannan ƙwayar hatsi ce.

Baba Alhaji Idi, Makka: Yara, tun ɗazu nake karantawa, raina bai kwanta ba. Halittar da Allah ya saukar da sura guda da sunanta, wadda ta yi magana Annabi Sulaimanu ya ji ya yi murmushi, ita za ku kulle a kwalba don kallo? An hana kashe tururuwa. In ta mutu a hannunka, wa zai ɗauki alhakin? Ni shekarata arba'in da ɗoriya a Sharar Mansur, ko ta shiga kwanon sukari sai dai in karkaɗe ta waje.

Abdulhadi, Jidda: Baba, Allah ya ƙara girma. Wallahi ba da wasa na ɗauke ta ba. Amma maganarka ta shige ni, in haramun ne yanzu zan mayar da ita inda na same ta.

Malam Tanimu, Madina: Baba, Allah ya saka, tsoronka a muhallinsa yake. Hadisin Ibn Abbas da Abu Dawuda ya ruwaito ya hana kashe abu huɗu: tururuwa, ƙudan zuma, alhudahuda da tsuntsun da Larabawa ke kira surad. Akwai kuma na Bukhari da Muslim, na wani Annabi da tururuwa ɗaya ta cije shi ya sa aka ƙone gidansu, Allah ya yi masa wahayi cewa ya halaka al'umma mai tasbihi. Wasu malamai, irin su Khaɗɗabi, sun ce hanin ya fi shafar manya masu dogayen ƙafafu da ba su cika cutarwa ba. To duk wannan maganar kisa ce. Tsarewa kuwa, matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, laifinta shi ne ta kulle ta ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Ƙanin Anas kuma yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, Manzon Allah (SAW) yana tambayarsa labarinsa bai hana ba. Abin da na fahimta, wanda zai kula da ita ya ba ta haƙƙinta babu laifi, wanda zai manta da ita a kan taga rana ta gasa ta ya ɗauki nauyi. Wannan fahimtata ce, ba fatawa ba.

Abu ɗaya zan ƙara don ku 'yan Makka. Haramin Makka yana da hurumi na musamman, ba a korar abin farautarsa, ba a yanke itacensa. Ko tururuwa ta shiga wannan hukunci, a tambayi manya. Ni dai da ni ne, ba zan kama komai ba sai na wuce iyakar Harami, kamar Tan'im ko Shumaisi. Jidda tana wajen iyaka.

Baba Alhaji Idi, Makka: To Malam, na ji. Ban ce na gamsu duka ba. Amma Abdulhadi, in ka riƙe ta, ka riƙe ta da amana.

Usman, Gadarif: Baba, ko da ya bar ta, mafi yawan masu tashin nan ba sa kwana. Na sha tsayawa a gona washegarin ruwa ina kallo, tsuntsaye daga sama, ƙadangaru daga ƙasa, sauran tururuwa suna jan waɗanda suka faɗi. Abin da ni ba na yafewa shi ne a je a tona gida mai rai don neman sarauniya. Da wuya ka kai gare ta, ramin yana da zurfi, in kuma ka ɗauke ta gidan ya mutu ke nan. Iyayenmu sun ba mu labarin yunwar 1984, yadda a yammacin Sudan mata suka riƙa tona gidajen tururuwar nan suna kwashe tsabar da ta tara don a dafa wa yara. Wannan larura ce. Mai sha'awa ba shi da wannan uzuri, ya jira ruwa.

Abdulhadi, Jidda: Na ɗauki amanar, Baba. Yanzu tana cikin kwalbar magani da na wanke. Me zan ba ta ta ci?

Sadiya, Ɗa'ifa: Kada ka ba ta komai. Na san da wuya a yarda. Naman ƙirjin nan da Yaya Bashir ya ambata, tunda ta gama tashi ba ta da bukatarsa, jikinta zai narkar da shi, da shi za ta rayu ta kuma ciyar da tsutsotsin farko ta bakinta. A daji ma toshe ramin take yi ta zauna a ciki ba fita. Abinci a wurinta yanzu fumfuna kawai zai jawo.

Ruwa take bukata da duhu. Nemi siririyar kwalbar gwaji ta gilashi, irin ta ɗakin kimiyya na makaranta, ana samu a shagunan kayan karatu. Zuba ruwa kashi ɗaya cikin uku, tura auduga da sauri har ta taɓa ruwan ta toshe shi ba tare da iska ta maƙale ba, sa ta a ciki, toshe bakin da busasshiyar auduga. Ni a ɗakin gwajin jini nake aiki, don haka ina roƙonku kada ku yi amfani da kwalaben ɗibar jini. Mai murfi ruwan hoda-shuɗi akwai maganin hana jini daskarewa a ciki, wasu kuma an fesa musu abin sa jini ya daskare. Naɗe kwalbar da takarda ka kwantar da ita a aljihun tebur, nesa da bakin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, nesa da taga. Kada ka taɓa barinta a mota ko na minti goma. Kuma Messor ba ta son girgiza, in ana yawan buɗe ta tana iya cinye ƙwanta. Sau ɗaya a mako ya isa.

Nasiru, Makka: Tunda ana maganar gane iri, ni ma ga tawa. Na gan ta a gidan yayata a Bahra, 'yar ƙarama baƙa mai fiffike, na sa yatsa zan ɗauka ta ɗana mini harbi kamar an soka allura mai zafi. Har yanzu wurin a kumbure yake.

Umman Safwan, Madina: Cinnaka ke nan, ba ta san na gida ba.

Bashir, Riyad: Ita ce mutanen nan ke kira samsum. Ƙulli ɗaya gare ta mai kauri, kuma tana da ƙari a gindi. Wannan ya nuna ƙidayar ƙulli mafari ce kawai: shazumamu ma ɗaya gare ta amma ba ta harbi, sai dai ta ciza ta fesa ruwa mai tsami.

Usman, Gadarif: Wannan kam tamu ce. Sunanta na boko ma, sennaarensis, daga Sinnar aka ɗauko shi, wani masani mai suna Mayr ya sa mata a 1862. Ni asalina Maiwurno ne, nan kusa da Sinnar, da ita muka tashi. Ita ma tana jan tsaba, shi ya sa ba ta rabuwa da rumbu da madafa.

Sadiya, Ɗa'ifa: Nasiru, wannan kada ka ce za ka kiwata a gidan da ke da yara. Ƙanin mijina ta harbe shi a ƙafa yana zaune a tsakar gida. Ba wannan ne karo na farko ba, da can ƙaiƙayi kawai yake yi. Ran nan cikin 'yan mintoci jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu, leɓe ya kumbura, murya ta shaƙe, yana nuna maƙogwaro ya kasa magana. Allah ya sa asibiti na kusa, aka yi masa allura ya dawo. Likitoci a Riyad da Daular Larabawa sun rubuta irin wannan da dama. Kumburin wurin harbi kaɗai ba abin tsoro ba ne. In ka ga ya bazu a jiki, ko numfashi ya yi nauyi, ko jiri, a kira 997, lambar motar asibiti ta Saudiyya, nan take, kada a tsaya shafa man zafi. Kuma duk wadda ba ka sani ba, da takarda ake tura ta cikin kwalba.

Nasiru, Makka: Subhanallah. Na bar ta. Amma in Abdulhadi ya samu wata Messor ɗin, ina so in kai wa ƙanena a Kano in zan je hutu.

Bashir, Riyad: A'a Nasiru, kada ka tsallaka da sarauniya iyakar ƙasa. Jan tururuwar nan mai harbi da ta addabi jihohin kudu na ƙasar Amurka, a jirgin ruwa ta shigo daga nahiyar Kudancin Amurka ta tashar jiragen ruwa ta garin Mobile wajen shekarun 1930, har yau sun kasa raba kansu da ita. Kano kuma tana da tururuwar hatsi tata. Ƙanenka ya fita da kwalba washegarin ruwan farko na damina.

Abdulhadi, in ka ga mako biyu ba ƙwai kada hankalinka ya tashi. Wasu Messor masu tashi a wannan lokaci sukan jira sanyi ya wuce. In ta kama, tafiya ce mai nisa. An taɓa riƙe wata sarauniya a Jamus, ta wani iri dabam, ta kusa shekara 29.

Abdulhadi, Jidda: Salamu alaikum, na dawo da labari bayan mako bakwai. Kwana tara da kama ta na ga 'yan ƙwai farare a dunƙule, tana ɗauke da su a baki in haske ya taɓa ta. Suka zama tsutsa, daga baya suka zama wasu farare masu siffar tururuwa sosai, ƙafafu a naɗe a ƙirji, ba motsi. Shekaranjiya biyu suka tashi. Ƙanana ne ƙwarai, launinsu bai gama duhu ba. Ko wani abu ne ya same su?

Bashir, Riyad: Masha Allah! Lafiyarsu ƙalau, 'yan fari haka suke fitowa don da guzurin jikinta kaɗai ta raine su. Ka lura ba su shiga kwanso ba? Da shazumamu ce da ka ga 'yan kwanson siliki masu launin ƙasa kamar ƙwayar shinkafa. Ga shaida ta uku, Malam Usman.

Usman, Gadarif: Alhamdu lillahi. Yanzu ka ba su abinci. Riɗi ɗanye ƙwaya biyu ko uku, wanda ba a soya ba, ka ɗan fasa shi da bayan cokali don muƙamuƙinsu bai yi ƙwari ba. Gero ya yi musu tauri tukuna. Ajiye shi can bakin kwalba wajen busasshiyar auduga, in ya jiƙe zai tsiro ko ya yi fumfuna. Za ka ga sun taru suna tauna shi har ya zama kamar ƙullu, shi suke ci su ba uwar.

Baba Alhaji Idi, Makka: Ruwan fa? A hoton na ga ya ja baya.

Abdulhadi, Jidda: Saura kamar rabi, Baba. Na haɗa wata sabuwar kwalba, in ya kusa ƙarewa zan haɗa bakinsu in rufe sabuwar da takarda su ƙaura da kansu, kamar yadda Anti Sadiya ta koya mini. Na sa riɗin tun bayan azahar. Ɗaya ta fito ta shinshina ta koma, sai ga su su biyu, suna jan rabin ƙwaya da baya da baya zuwa wurin uwar.

Baba Alhaji Idi, Makka: Ranar Juma'a zan shigo Jidda gaisuwa. Zan zo da jikana ya gani, in ba za a dame su ba.